Wayar da Oleta Ke Sassautawa

Duk wanda ya tashi a kwarin Mudlick, cikin duwatsun gabashin jihar Kentucky, ya san Oleta Napier. Ko dai ta taɓa zuba masa wake da burodin masara a kicin ɗin makarantar firamare, inda ta shekara talatin da ɗaya a gaban tukunya, ko kuwa ya gan ta a tsaye hagu da yayanta Delmer suna waƙa. Gajeriyar mace ce, ba ta da yawan magana. Ko a tsakiyar waƙa ba ta duban jama'a, bakin yayanta take kallo.

Ita ce auta a gidansu. Delmer ya girme ta da shekara shida, kuma har ya tsufa ba a taɓa jin ya kira sunanta ba, Auta yake ce mata. Mahaifiyarsu ce ta koya musu waƙa a baranda, suna ɓarar wake. Ta ba Delmer jan waƙa, ta ba Oleta ɗori, wato muryar nan ta biyu da ke tafiya a saman ta mai ja, ba ta barinta, ba ta kuma taka ta. Doka ɗaya tsohuwar ta kafa musu, wadda duk mawaƙan duwatsun suka sani. Mai ɗori ba ya karɓe layin mai ja. Ko mai ja ya manta baiti, ko ya shaƙe, ko ya faɗi a gabanki, ki tsaya a naki. Karɓe masa layi a gaban mutane daidai yake da ki ce musu ya ƙare.

Oleta tana da shekara goma sha biyar suka fara zuwa wata 'yar tashar rediyo a bayan dutse, kowace Asabar da safe, a ba su minti goma sha biyar. Makirfo ɗaya suke amfani da shi. Idan baitin nasa ne shi kaɗai sai ta ja baya, idan an zo wurin haɗuwa sai ta matso har kafaɗarta ta taɓa hannun rigarsa. Mutane sun ce idan 'yan gida ɗaya suka haɗa murya, akan ji kamar akwai mutum na uku a tsakaninsu. Wannan na ukun ake zuwa ji. Sun buga faifai sau ɗaya tak, wanda har yanzu akan same shi a gidajen tsofaffi, a saman kabad.

Daga nan waƙar ba ta kai su ko'ina ba. Dama Delmer ya shiga aikin ramin haƙar kwal tun yana ɗan shekara goma sha tara, bai fito ba sai da ya haura hamsin. Oleta ta auri wani direban babbar mota, ya rasu ba su haihu ba. Matar Delmer ma ta rasu, 'ya'yansa suka watse birane neman aiki. Sai Oleta ta tattara kayanta ta koma tsohon gidansu, suka zauna su biyu. Ana kiran su biki, ana kiran su jana'iza, kuma kowace shekara su ke rufe taro ranar gyaran kaburbura a cocin kan tudu. Su biyu ne kawai, sai jitarsa. Delmer bai taɓa yarda wani mai kiɗa ya shiga ba. Cewa yake waƙar mutum biyu ce, na uku ɗan kallo ne.

Ƙarar injinan rami ta cinye masa kunne. Na dama ya mutu gaba ɗaya, na hagu ne ke ɗan ji idan an ɗaga murya. Tun daga lokacin sai ya riƙa miƙa mata jitar ta daidaita masa sautin wayoyinta kafin su fita.

"Ɗaure min, Auta. Kunnenki ya fi nawa."

A jana'izar mahaifiyarsu ne muryarsa ta fara tsagewa, daidai wurin da waƙar ke hawa sama. Oleta ta ce a ranta kuka ne. Bayan sati biyu, a wani biki inda babu mai kuka, ta sake tsagewa a wurin. Ya dawo gida bai ci abinci ba. Fita ta gaba da ya miƙo mata jitar, sai ta murɗa kunnuwan jitar baya, ta sassauta wayoyin duka shida, kaɗan, yadda waƙar za ta sauko ƙasa ba tare da an lura ba. A ranar, Delmer ya haye wurin nan sumul. A hanyar gida yana tuƙi yana dukan sitiyari da yatsa.

"Kin gani ko? Mura ce kawai."

"Mura ce, Yaya," in ji ta.

Ta yi niyyar idan ya huce ta gaya masa. Bayan shekara biyu muryar ta ƙara sauka, ita ma ta ƙara sassautawa. Haka suka yi ta tafiya shekara ashirin da biyu, yana sauka tana bin sa da wayoyin. Da yatsunsa suka fara ciwo, har yabawa yake, wai wayoyin zamani sun fi na da laushi. Kuma babu taron da zai tsaya bai gaya wa jama'a maganar nan tasa ba, cewa rami ya ci kunnensa, ya ci ƙirjinsa, amma bai taɓa muryarsa ba, inda ya kama waƙa yana saurayi nan yake kama ta yau. Jama'a su tafa. Oleta ta dubi ƙasa.

Shekarar da suka cika shekara hamsin suna rufe taron gyaran kaburbura, sabon faston cocin ya so ya karrama su. Matarsa, Darlene, yarinya mai kirki, ta samo tsohon faifansu, ta zauna wata uku tana koyon waƙarsu a fiyano don ta raka su. Fasto ya zo har gida ya roƙa. Oleta tana wanke kwanuka ta ji Delmer, wanda bai taɓa yarda da kowa ba, yana cewa to, tunda yarinyar ta sha wahala, ba za a watsa mata ƙasa a ido ba.

Ta tsaya da kwano a hannu. Fiyano ba a sassauta shi. Zai kama waƙar a inda take a faifai, can sama, inda Delmer ya bari tun shekara ashirin da biyu bai sani ba. Saura kwana shida.

Washegari bayan azahar ta hau tudu ta sami Darlene a coci tana gwaji.

"'Yar nan, ba za ki iya ɗan sauko da ita ƙasa ba? Maƙogwarona ne ba daɗi kwana biyu."

Darlene ta ɗaga hannuwanta daga kan fiyanon kamar ta taɓa wuta. "Wayyo Inna Oleta, ni fa ban iya fiyano ba, wannan waƙar kaɗai na iya. Yatsa-yatsa na haddace ta. Idan kika matsar da ni ko taki ɗaya, na ɓata ke nan." Ta yi dariya. "Ki sha zuma da ruwan ɗumi. Ai ke ko a barci kya yi ta."

In Oleta ta faɗi gaskiya, kafin Lahadi matan coci duka sun ji. Ta ce za ta sha zumar.

Da safiyar Laraba ta soya masa ƙwai, ta zuba masa kofi, ta zauna ta gefensa na hagu.

"Yaya, mu bar fiyanon nan mana."

"Me?"

"Fiyanon. Mu yi abinmu yadda muka saba."

"Kishi kike da yarinyar mutane?" Ya yi murmushi yana tauna. "Ba kujerarki za ta ɗauka ba."

"Ni ce ba na iya kaiwa can sama yanzu. Na tsufa."

"Ke? Ni kurma ne, amma ba irin wannan kurmancin ba. Ranar Asabar a bikin nan kin kai har kin yi rara." Ya ajiye kofin. Ya daɗe yana kallon taga, inda ake hango bakin tsohon ramin da aka toshe. "Kin san Auta, wani lokaci idan na tashi da safe sai in lissafa. Matata ta tafi. Yaran ko waya sai an ga dama. Hawa matakala uku sai na tsaya na huta. In ba don abu ɗaya da Allah ya bar min ba, ban ga amfanin tashin ba." Ya taɓa maƙogwaronsa. "Bari yaran su zo su ji. Su san ubansu bai ƙare duka ba."

Maganar tana bakinta, a shirye. Ta ɗauki farantinsa ta tambaye shi ko zai ƙara ƙwai.

Sauran kwanakin ta yi su tana fata. Ta yi fatan ruwan sama, ta yi fatan Darlene ta kwana da zazzaɓi, ta nemi gafarar Allah a kan wannan. Har ta yi tunanin ta faɗi a matakala da gangan. Lahadi ta zo da rana tarwai.

Tun hantsi motoci suka cika gefen hanya, masu lambar jihohi daban-daban. An nome ciyawar maƙabarta, an wanke duwatsun kaburbura, an jera furanni. An haɗa dogayen tebura a ƙarƙashin bishiyoyi, soyayyar kaza da dankali da wake da kek iri-iri. 'Ya'yan Delmer biyu sun zo da iyalansu. Maza shida suka ɗauko fiyanon suka ajiye a barandar coci.

Cikin waɗanda suka zo har da Hobart, mai goge, abokin Delmer tun na ƙuruciya, wanda ya yi shekara kusan talatin a jihar Ohio bai leƙo gida ba. Ƙato ne mai babbar murya, ba ya iya raɗa.

"Delmer, ashe kana raye? Ni na zo da fure zan ajiye maka."

"Ajiye wa kanka, tsohon banza. Wa ya sake ka?"

"Oleta, har yanzu kina ɗauke da wannan kayan? Allah ya ba ki lada."

Ta yi masa murmushi. Jitar tana hannunta. Da safe ta zauna da ita kusan awa guda, ta ɗaure ta daidai, ta sake sassautawa, ta sake ɗaurewa. Idan ta ɗaure, jitar za ta dace da fiyano amma ta fi ƙarfin Delmer. Idan ta sassauta, za ta dace da Delmer ta yi faɗa da fiyano. A ƙarshe ta bar ta a sassauce, don hannunta bai san wata hanya ba.

Bayan an ci abinci fasto ya yi jawabi, aka tafa, suka hau baranda. Makirfo ɗaya. Delmer ya faɗi maganarsa ta kullum game da rami da murya, aka sake tafawa. Darlene ta fara. Delmer ya kaɗa jitar.

Ko yara sai da suka juyo. Sautin fiyano da na jitar suka gwabza kamar an ja tebur a kan siminti. Darlene ta tsaya, fuskarta ta yi ja, tana duban yatsunta, tana zaton ita ce ta yi kuskure. Delmer bai ji sosai ba, amma ya ga fuskokin mutane.

"Zafin rana ne ya taɓa jitar," in ji shi. "Hobart, zo ka yi amfani sau ɗaya a rayuwarka."

Oleta ta miƙa hannu, amma Hobart ya riga ya karɓa. Ya ce wa Darlene ta taɓa masa sauti ɗaya. Ya kaɗa waya, ya murɗa kunnen jitar, ya murɗa, ya ƙara murɗawa. Sai ya fashe da dariya, ya matso kunnen Delmer na hagu, kusa da makirfo, ya ɗaga murya don kurma ya ji.

"Wane zafin rana? Wannan ai igiyar shanya ce. Mataki uku fa take ƙasa, kuma duka shida daidai da juna. Wannan da gangan aka yi, malam. Wa ke ɗaure maka?"

Wasu suka yi dariya, don sun ɗauka wasan tsofaffi ne. Delmer bai yi ba. Ya juyo ya dubi Oleta. Shekara hamsin da ɗoriya ita ke kallonsa a wurin waƙa, ranar ce ya kalle ta. Hobart ya ga kallon, dariyar ta mutu a bakinsa, ya ƙarasa ɗaurin shiru ya miƙa jitar.

Delmer ya danna wayoyin, suka yi masa tauri a yatsu. Ya gyaɗa wa Darlene kai.

Baitin farko ya fita da ƙyar, jijiyoyin wuyansa a miƙe. Oleta ta matso ta ɗora. Tana jin kafaɗarsa na rawa. Ta san saura layi huɗu su kai wurin hawan, saura uku, saura biyu. Ya ja numfashi da ragowar ƙirjin da rami ya bar masa, ya buɗe baki, wani sauti ya fito siriri, ya tsage, ya koma iska.

Fiyano na tafiya. 'Ya'yansa na zaune a layin gaba. Bakinsa a buɗe, babu abin da ke fita.

Oleta ta sauko daga nata ta kama layinsa. Ba ta yi shawara ba, kamar yadda mutum ke tare kwanon da zai faɗi. Muryarta ta ɗauki waƙar ta haye da ita, tsaf, ta kai ta inda take a faifai. Baƙi 'yan birni suka fara tafi tun ba a gama ba. Tsofaffin kwarin ba su tafa ba. Wata tsohuwa ta sa hannu ta rufe bakinta.

Delmer ya ja da baya taki ɗaya, irin wanda mai ɗori ke yi idan baitin ba nasa ba ne. Ya ci gaba da kaɗa jitar har ƙarshe, bai sake buɗe baki ba. Da aka gama ya ɗaga hularsa ga Darlene, ya gaya mata ta yi ƙoƙari, ya sauka.

A cikin a-kori-kurarsa, sun wuce gada kafin ya yi magana.

"Tun yaushe?"

"Yaya..."

"Tambayarki na yi."

"Tun rasuwar Mama."

Ta ga leɓensa na motsi, yana ƙirga shekarun. Ya rage gudu don wani kare da ke tsallaka hanya.

"Duk wuraren nan da na tsaya ina cika baki. Kina tsaye a gefena."

"Na so in gaya maka."

"Me?"

"Na ce na so in gaya maka."

"Da kin faɗa a lokacin, da na ji haushi sati guda, in ce a sauko da ita, kamar yadda kowane tsoho ke yi." Ya karkata motar zuwa hanyar gida. "Kuma kika karɓe min layi."

Ya tsayar da motar a ƙofar gida, ya fita ya bar jitar a kujera.

Bai yi mata faɗa ba, ba ranar ba, ba bayanta ba. Da ya yi da ta fi samun sauƙi. Yana ci idan ta dafa, yana gode mata, abin da bai saba yi ba. Hobart ya zo sau biyu kafin ya koma, Delmer ya ce a gaya masa yana barci. Aka kira su biki, ya ce a nemi yara masu tasowa. A coci ya koma zama a layin baya, littafin waƙa a rufe a cinyarsa. Safiya ta riƙa kai shi har ƙarfe goma a gado.

Da ganyen bishiyoyi ya fara ja, wata rana da la'asar suna zaune a baranda, sai ya ce, ba tare da ya dube ta ba, "Auta, ɗauko ta. Ki ɗaure yadda kike yi."

Ta tashi ta ɗauko. Ta sassauta wayoyin zuwa inda ta san muryarsa take, ta miƙa masa, ta jawo kujerarta ta gefen hagu. Ya kaɗa. Ya fara, muryar ta fito, mai kauri, mai ɗan gargada, amma a kan hanya. Ta ɗora a hankali. Layi biyu suka yi, har ta fara jin na ukun nan yana tasowa a tsakaninsu. Sai ya dafe wayoyin da tafin hannu.

"A'a."

"Yana tafiya daidai, Yaya. Wallahi daidai."

"Haka kika ce shekara ashirin da biyu." Babu zafi a muryarsa. "Ni ba na jin kaina, Auta. Ke ce kunnena. Yanzu in kin ce daidai, ta ina zan sani?"

Ya miƙa mata jitar. Ta riƙe ta a cinya har rana ta faɗi bayan dutse, shi kuma yana kallon hanya.

Ƙirjin ne ya ɗauke shi, cikin sanyin shekara ta biyu. An binne shi a kan tudu kusa da mahaifiyarsu. Fasto ya tambayi Oleta ko za ta yi waƙa a jana'izar, ta ce a'a. Layinsa ba za ta sake taɓawa ba, nata kuwa idan babu nasa a ƙasa ba waƙa ba ce, wani abu ne mai hawa da sauka wanda ba wanda zai gane. Aka sa faifan.

Tana nan a gidan har yanzu, ta haura tamanin. Tana shuka wake a bayan gida, Darlene na kai ta asibiti idan ranar ganin likita ta zo. Wanda ya zauna kusa da ita a coci yakan ji tana bin waƙar jama'a a can ƙasan maƙoshi, ta wata hanya daban da ta kowa. Yara kan ɗauka ta manta waƙar ne.

Jitar tana rataye a bangon ɗakinsa. Ba mai kaɗawa. Sau ɗaya a shekara, idan ranar gyaran kaburbura ta matso, takan sauko da ita ta goge ƙura, ta zauna a bakin gado ta taɓa wayoyin ɗaya bayan ɗaya. Takan yi lissafin shekarun da zai kai da yana raye, da inda muryarsa za ta sauka. Bana ma ta ɗan ƙara sassautawa. Wayar sama ta fara kwanciya a jikin itacen, ba ta ba da sauti kuma.